Tarkon Sinadarai: Yadda 'Yar Hoda ke Kama Guba a Ruwa, Iska da Abinci

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin sabon kayan lantarki, kamar kyamara ko lasifikar Bluetooth ko rauta, ya san ɗan farin ƙunshin nan mai ƙananan ƙwayoyi kamar tsakuwa, wanda aka rubuta gargaɗi a jikinsa cewa kada a ci. Yawancin mutane shara suke jefa shi. Abin da ke ciki sunansa silika jel, aikinsa kuwa shi ne ya kama danshin da ke cikin kwalin ya riƙe, don kada kayan su lalace kafin su iso kasuwa.

Wannan ƙunshi ɗan uwa ne ga wasu kayayyaki da manyan ɗakunan gwaje-gwaje na duniya suka dogara da su wajen gano guba a ruwan sha, iska, ƙasa da abinci. Masana kimiyya suna kiransu sobent, wato abin da ke kama wani sinadari ya riƙe shi. A sauƙaƙe za a iya kiransu tarkon sinadarai. Na'urar gwaji mai tsadar miliyoyin naira ba ta iya ganin guba yadda ya kamata sai wannan tarko ya fara kamo ta. Idan kuma aka yi kuskure wajen zaɓen tarkon, na'urar za ta iya cewa ruwa lafiyarsa ƙalau alhali gubar tana nan.

Me ya sa ba a zuba ruwan kai tsaye cikin na'ura?

Dalili na farko shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. A watan Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sa iyaka ga wasu sinadarai biyu, PFOA da PFOS, a ruwan sha: nanogiram 4 a kowace lita. Su biyun suna cikin dangin PFAS, sinadaran da ba sa saurin ruɓewa a muhalli, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a kumfar kashe gobara da kayan da ba sa jiƙa. Nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Idan aka ɗauki tafkin gasar ninƙaya ta Olamfik mai cin lita miliyan 2.5, abin da dokar ta yarda ya kasance a cikinsa miligiram 10 ne kacal, wato bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

Dalili na biyu shi ne tarkace. Ruwan kogi yana ɗauke da laka, gishiri da ruɓaɓɓen ganye. Abinci yana da kitse, sukari da launi. Waɗannan sun ninka gubar da ake nema sau dubbai ko miliyoyi. Idan suka shiga na'ura irin su GC-MS ko LC-MS, masu rarrabe sinadarai suna auna nauyinsu, sai su danne alamar gubar, ko su toshe na'urar gaba ɗaya.

Saboda haka aikin tarko iri biyu ne: ya tattaro gubar da ta warwatsu cikin ruwa mai yawa zuwa 'yan ɗigo kaɗan, sannan ya raba ta da tarkacen da ke tare da ita.

Akwai lokacin da ba a buƙatar wannan wahala. A 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, masu bincike sun yi amfani da na'urar hannu mai suna XRF, suna ɗora ta a kan ƙasa tana nuna yawan dalmar nan take. Hakan ya yiwu ne domin dalmar ta yi yawa ƙwarai a ƙasar gidajen. Amma maganin ƙwari a ruwan rijiya, ko ragowar magungunan asibiti a kogi, sun yi ƙanƙantar da irin wannan na'ura ba ta ganinsu, kuma ba irin sinadaran da take aunawa ba ne.

Sirrin yana cikin ramuka

Abin da ya sa tarko yake aiki shi ne faɗin fuskarsa. Kowace ƙwaya cike take da ramuka da lunguna da ido ba ya gani, kuma a jikin bangon waɗannan ramuka ne sinadarai suke mannewa. Gawayin da aka sarrafa, wanda ake yi daga ɓawon kwakwa ko itace ko kwal ta hanyar gasa shi da tururi mai tsananin zafi, giram ɗayansa yakan kai murabba'in mita 1,000 idan aka lissafa dukan bangon ramukansa. Filin ƙwallon ƙafa na gasa yana da murabba'in mita kusan 7,140. Ke nan giram bakwai na irin wannan gawayi ya kusa kamo faɗin filin ƙwallo. Gawayin girki na gida bai bi ta wannan sarrafawa ba, shi ya sa ramukansa ba su kai haka yawa ba.

Faɗi kaɗai bai isa ba. Dole halin fuskar tarkon ya dace da halin gubar. Wasu sinadarai ba sa shiri da ruwa, sun fi son maiƙo. Wasu suna ɗauke da caji na lantarki, sai abin da ke da kishiyar cajinsu ke jawo su. Wasu kuma siffarsu ce ke sa su maƙale. A kan wannan ne aka gina dukan fasahar.

Matakai huɗu cikin ɗan bututu

Hanyar da ta fi yaɗuwa ana kiranta SPE, ta kuma shiga kasuwa ne a ƙarshen shekarun 1970. Kayan aikin ɗan bututun roba ne kamar jikin sirinji, an zuba masa hodar tarko, yawanci ƙasa da giram ɗaya, an tokare ta sama da ƙasa da mataci.

Mataki na farko shi ne shirya tarkon. Ana zuba masa wani ruwan sinadari kamar metanol, sannan ruwa mai tsabta, don ramukan su jiƙa su buɗe.

Na biyu shi ne wuce da samfurin. Ruwan da aka ɗebo daga kogi ko famfo yana bi ta cikin hodar a hankali. Ruwan ya wuce, gubar ta maƙale.

Na uku wanki ne. Ana zuba wani ruwa mai sauƙi da zai kwashe tarkacen da ya maƙale ba tare da ya saki gubar ba.

Na huɗu shi ne sakin gubar. Ana zuba ɗan ruwan sinadari mai ƙarfi da zai ciro ta daga jikin hodar zuwa cikin ƙaramar kwalba.

A ɗaya daga cikin hanyoyin da EPA ta amince da su na gwajin PFAS, ana farawa da mililita 250 na ruwa, a ƙare da mililita 1. Gubar ta ninka kauri sau 250 ke nan kafin ta shiga na'ura.

Kowace guba da tarkonta

Mafi shahara a cikinsu shi ne C18. Silika ce, dangin wadda ke cikin ƙunshin kwali, amma an lulluɓe fuskarta da sarƙoƙi masu ƙwayar kabon 18 kowace. Wannan ya sa fuskar ta zama kamar an shafa mata kakin zuma. Sinadaran da ba sa shiri da ruwa, irin su DDT da ragowar man fetur, suna barin ruwan su manne mata. Rauninta shi ne sinadaran da ke narkewa sosai a ruwa suna iya wucewa ba ta kama su ba.

Don cike wannan giɓi aka ƙera tarkuna na roba masu fuska biyu, ɓangare ɗaya yana son ruwa, ɗayan yana son maiƙo. Su ake yawan amfani da su wajen neman ragowar magunguna, kamar na kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, a ruwan da ke fita daga birane.

Sai masu aiki da caji. Gajerun nau'o'in PFAS ba sa maƙalewa da kyau a tarkon maiƙo, shi ya sa a 2019 EPA ta fitar da wata hanya mai lamba 533, wadda ke amfani da tarko mai jawo su ta hanyar cajinsu. Ƙarafa masu guba kamar dalma da kadmiyam su ma suna da nasu tarkon, wata roba mai rassa da ke damƙe ƙwayar ƙarfen kamar yadda ƙaguwa ke damƙe abu.

Akwai kuma tarkon da aka yi da garkuwar jiki ta dabba, wanda guba ɗaya tak yake ganewa. Da shi ake kama aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba. Tarayyar Turai ba ta yarda nau'in B1 na wannan guba ya wuce maikirogiram 2 a kilo ɗaya na gyaɗar da za a ci kai tsaye ba.

Abin da ya faru da waken Najeriya

Wannan fasaha tana taɓa aljihun manomi kai tsaye. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari mai suna dikulobos a cikinsa. Shi ne sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zubawa a wake don kada ƙwari su ci shi a ajiya. Iyakar da Turai ta sa ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, wato miligiram 1 a buhu mai kilo 100. An tsawaita dakatarwar a 2016, aka kuma sake tsawaita ta bayan nan.

Hanyar da ɗakunan gwaje-gwaje da yawa ke bi wajen gano ragowar maganin ƙwari a abinci ita ce QuEChERS, wadda Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu suka wallafa a 2003 daga wata cibiyar bincike ta ma'aikatar noma ta Amurka. A tsarinta na asali ana niƙa giram 10 na abinci, a girgiza shi da mililita 10 na wani ruwan sinadari mai suna asetonaitiril, a ƙara gishirai biyu don ruwan ya rabu gida biyu. Busasshen abinci kamar wake sai an fara jiƙa shi da ruwa. Daga nan a ɗebi kaɗan daga ruwan sama, a barbaɗa masa hodar tarko, a girgiza, a sa a na'ura mai juyi da sauri don hodar ta kwanta.

A nan an juya aikin tarkon: tarkacen yake kamawa, ya bar gubar a cikin ruwan. Hodar PSA tana kwashe sukari da wasu sinadaran maiƙo masu tsami. C18 tana kwashe kitse. Wata baƙar hodar kabon mai suna GCB tana kwashe koren launin ganye, kamar na alayyafo. Sai dai GCB tana da matsalar da masana suka sani: tana son sinadarai masu siffa shimfiɗaɗɗiya, kuma wasu magungunan feshi, kamar kulorotalonil da tiyabendazol, irin wannan siffa gare su. Idan aka zuba ta da yawa, za ta kwashe launin ta haɗa da gubar, sai na'ura ta nuna adadi ƙasa da na gaskiya.

Tarkon iska, da wanda ake ɗaurawa a hannu

Don gwada iskar masana'anta ko gidan mai, ana maƙala wa ma'aikaci ɗan bututun gilashi mai gawayi a kusa da wuyan rigarsa, ƙaramin famfo mai batir yana zuƙo iska ta ciki na tsawon sa'o'i. An raba gawayin gida biyu, yawanci miligiram 100 a gaba da 50 a baya. Idan aka sami sinadari mai yawa a ɓangaren baya, an gane cewa na gaba ya cika ya fara zubarwa, don haka sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Wasu tarkunan ba sa buƙatar famfo ko batir. A ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta shafi gubobin da ke daɗewa a muhalli, ƙasashe suna rataye faifan soso, irin na katifa amma wanda aka tsabtace, a tsakanin kwanonin ƙarfe biyu. Yana zama a waje kimanin wata uku yana tsotsar abin da iska ke ɗauke da shi, sannan a kai shi ɗakin gwaji.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka, ƙarƙashin Kim Anderson, sun nuna cewa abin hannu na robar silikon, irin wanda matasa ke ɗaurawa don ado, yana iya zama tarko idan aka wanke shi da kyau tun farko. Mutum yana sa shi na wasu kwanaki, robar tana tsotsar sinadaran da ya yi hulɗa da su. An gwada wannan da manoma a Senegal, aka wallafa sakamakon a 2016, inda aka gano ragowar magungunan feshi iri-iri a jikin abubuwan hannun. Babu allo, babu caji, babu manhaja, amma yana tattara bayanin da agogon zamani ba ya iya tattarawa.

Daga bututu zuwa allura

Hanyoyin da suna cin ruwan sinadari mai yawa, wanda shi kansa guba ne kuma yana da tsada. A 1990 Janusz Pawliszyn na Jami'ar Waterloo a Kanada ya gabatar da SPME: wani siririn zare mai tsawon kusan santimita ɗaya, an lulluɓe shi da tarkon da kaurinsa bai wuce na gashin kai sosai ba, an ɓoye shi cikin allura. Ana tsoma zaren a ruwa, ko a bar shi a iskar da ke saman samfurin, na wasu mintuna. Sannan a soka allurar a bakin na'ura mai zafi, zafin ya saki sinadaran. Ba a buƙatar ruwan sinadari ko kaɗan, kuma ana iya sake amfani da zare ɗaya sau da dama.

Sababbin tarkuna da ake gwadawa

Akwai tarko mai maganaɗisu. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ne da aka lulluɓe da abin kama guba. Ana barbaɗa su a ruwa, a girgiza, sannan a kara maganaɗisu a jikin kwalbar, duk su taru gefe guda. Babu buƙatar mataci ko famfo, abin da ke sa su dace da aikin da ake yi nesa da ɗakin gwaji.

Akwai robar da ake ƙerawa a kewayen sinadarin da ake nema, sannan a wanke shi ya fita, ya bar rami mai siffarsa. Daga baya sinadari mai irin wannan siffa ne zai fi zama daidai a ramin, kamar makulli da kwaɗonsa.

Akwai girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Jami'ar Manchester a 2004. A lissafi, giram ɗayanta yana da faɗin murabba'in mita kusan 2,630.

Sai kuma MOF, wasu gine-gine na ƙarfe da sinadaran kabon masu kama da tsanin magina, waɗanda ake iya tsara girman ramukansu yadda ake so. Wasu daga cikinsu giram ɗaya ya haura murabba'in mita 7,000. Su ne suka sa aka ba Susumu Kitagawa, Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2025. Yawancin waɗannan sababbin kayayyaki har yanzu a matakin bincike suke idan ana maganar gwajin yau da kullum. Wasu MOF suna rushewa a cikin ruwa, wasu suna da tsada, kuma hukumomi sun fi amincewa da tarkon da aka daɗe ana gwadawa, wanda ke ba da sakamako iri ɗaya daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Yadda ake tabbatar da cewa tarko bai yi ƙarya ba

Ɗakin gwaji mai inganci yana gwada tarkonsa kafin ya yarda da shi. Ana ɗaukar samfur mai tsabta a zuba masa adadin gubar da aka sani, a bi da shi ta dukan matakan, a ga nawa ya dawo. A ƙa'idar Tarayyar Turai ta gwajin maganin ƙwari, abin da aka saba karɓa shi ne tsakanin kashi 70 zuwa 120 cikin ɗari. Ana kuma bi da ruwa mai tsabta ta hanya ɗaya, don a tabbatar kayan aikin ba su ne ke zubar da sinadarin ba. Wannan yana da muhimmanci musamman ga PFAS, domin wasu bututun ɗakin gwaji da murfin kwalabe an yi su da robobin danginsu.

Waya fa, za ta iya gwada ruwa?

Bidiyoyi sun cika TikTok da Facebook inda ake tsoma wata 'yar na'ura mai kama da biro a ruwan leda ko na rijiyar burtsatse, lamba ta fito, a yanke hukunci cewa ruwan yana da kyau ko ba shi da kyau. Wannan na'ura, mai suna TDS, yadda lantarki ke ratsa ruwa take aunawa, daga nan ta ƙiyasta yawan gishirai da ma'adinan da suka narke a ciki. Lambarta tana tafiya ne da miligiram a lita. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha ita ce maikirogiram 10 a lita, wato miligiram 0.01, wanda ya yi ƙasa da abin da biron ke iya bambancewa. Yawancin magungunan ƙwari kuma ba su da cajin da zai motsa lambar, ƙwayoyin cuta ma haka. Ruwa zai iya nuna ƙaramar lamba yana ɗauke da guba, wani ya nuna babbar lamba saboda ma'adinan da ba sa cutarwa.

Kyamarar waya tana da rawar da take takawa. Akwai manhajoji da ke karanta launi ko layin da ya fito a takardar gwaji, misali ta aflatoksin, su mayar da shi lamba. Amma kyamarar abin da aka ajiye a gabanta kawai take gani. Kafin nan sai an niƙa hatsin, an ciro gubar, a wasu gwaje-gwajen kuma an tace ta da tarko. Shi ya sa masu bincike da yawa ke ƙoƙarin haɗa ƙananan tarkuna da takardun gwaji da waya, don a iya yin aikin a gona ko a bakin rijiya.

Duk wanda aka nuna wa sakamakon gwajin ruwa ko abinci, ko aka tallata masa na'urar da aka ce tana gano guba, yana da tambayoyi uku da ya kamata ya yi. Wane sinadari aka nema takamaimai? Mene ne mafi ƙanƙantar adadin da hanyar ke iya gani, kuma yana ƙasa da iyakar da doka ta sa? Yaya aka shirya samfurin kafin a auna shi? Rubutun "ba a gano ba" a takardar sakamako yana nufin ba a ga sinadarin da aka nema sama da wani adadi ba, da tarkon da aka yi amfani da shi. Abin da ba a nema ba, ko wanda tarkon bai kama ba, ba zai fito a takardar ba ko da yana cikin ruwan.